Ƙwan Zabi Hamsin da Ɗaya

Injin ƙyanƙyasar da ke sashenmu ya ƙone ranar wata Talata a ƙarshen Yuli, da ƙwaina arba'in a cikinsa. Wuta aka kawo da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa. Da na ɗaga murfin, warin da ya buge ni kaɗai ya ishe ni bayani, ban tsaya duba komai ba.

Sunana Zulaikha, ina digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi. Duk wanda na gaya wa abin da nake bincike sai ya yi dariya, don haka ku ma ku yi taku mu wuce. Kan zabo nake nazari. Kaza da zabo dangi ne, asalinsu ɗaya. In ka fasa ƙwan kaza da na zabuwa a kwana na biyar, ko iyayensu ba za su bambance 'ya'yan ba. Amma akwai ranar da ƙashin kan ɗan zabo yake fara ɗaukar wata hanya daban, hanyar da daga baya take zama ɗan ƙahon nan da zabo yake yawo da shi yana yi wa mutane kwakwazo. Ranar nake nema. Malamina, Dokta Madu, ya ce da irin wannan ɗan saɓanin lokaci a cikin ƙwai surar dabbobi ta yi ta rarrabuwa a tsawon zamani.

Abin da aikin yake bukata shi ne ɗan tayin zabo na kowace rana, daga kwana takwas zuwa ashirin da huɗu, kowanne da tabbacin kwanakinsa. Zabi kuwa da damina kawai suke ƙwai. Shekarar farko muna aji, bara yajin aiki ya cinye daminar, kuma dokar makaranta shekara uku ce. In wannan damina ta wuce ban haɗa jerin nan ba, sai dai in tattara littattafaina in koma gida hannu Rabbana.

Na je ofishin Dokta Madu ido jawur. Mutum ne gajere mai fara'a, ɗan Babura, kakanninsa daga Barno suka zo fatauci suka zauna. Ya saurare ni yana cin gyaɗa.

"Zulaikha, kafin a ƙera injin nan, wa yake ƙyanƙyashe ƙwan zabi?"

"Kaza, Malam."

"To, ba ki da mai kaji a dangi?"

Ina da ita kuwa. Goggo Dela yayar babana ce, tana zaune a wani ƙauye bayan Roni, a tsakanin duwatsu. Bafulatana ce ta gidi, shanunsu sun daɗe da ƙarewa, amma kaji ko nawa ne suna jin maganarta. Sai dai kuma ita ba ta jin ta kowa.

Na sauka gidanta da jaka, da ma'aunin zafi, da fensir dozin guda, da littafin da nake rubuta bayanan aiki. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa mata tsarina. Kowace safiya za a kawo sabon ƙwai uku, in rubuta kwanan wata a jikinsu, in sa wa kaji masu kwanci. Haka har kwana goma sha bakwai, ƙwai hamsin da ɗaya ke nan. Sai a jira mako guda, Dokta Madu ya zo da kayan aiki mu fasa su duka rana ɗaya, na farko yana da kwana ashirin da huɗu, na ƙarshe yana da takwas.

Goggo ta dube ni.

"Ki fasa su?"

"E, Goggo."

"Ba ci za a yi ba?"

"A'a, a kwalba za a sa."

"Allah ya kyauta. Shekara nawa ke nan babanki Lauwali yake tura ki makaranta?"

Duk da haka kafin la'asar ta haɗa min kaji shida masu kwanci, uku nata, uku aro daga maƙwabta. Ta aika wa Hamma, wani makiyayi da zabinsa suke ƙwai a cikin ciyayi bayan rugarsu, aka yi magana matarsa Amna za ta riƙa biyowa da ƙwai uku kullum in za ta tallan nono. Ta jera akurkai a tsohon ɗakin da take ajiye ƙaiƙayi. Ta kuma kafa sharaɗi ɗaya, cewa za ta sa wa kowace kaza ƙwan kaza biyu nata, daidai yadda za su ƙyanƙyashe washegarin ranar da za mu kwashe namu, don ita a gidanta kaza ba ta kwancin banza.

Rigima ta fara ne a safiyar farko. Amna ta kawo ƙwan, Goggo ta karɓa ta jujjuya kowanne a tafin hannunta kamar mai zaɓen goro, sannan ta miƙo min. Na rubuta ɗaya ga Agusta a jikin kowanne, na sa ɗaya a ƙarƙashin baƙar kaza, ɗaya a ƙarƙashin ja, ɗaya a ƙarƙashin wake-wake.

"Me ya sa kika raba su?"

Na yi mata bayani cikin ladabi, amma da ɗan ɗaga hanci irin namu na 'yan jami'a. In na tara ƙwan rana ɗaya a ƙarƙashin kaza ɗaya, kazar ta tashi ta bar su, na rasa wannan ranar gaba ɗaya. In na rarraba su, ko ɗaya ta gudu ina da biyu. Haka ake tsara gwaji.

"Ba a yi wa kaza haka," in ji Goggo. "Babba da ƙarami a ciki ɗaya? Ƙwan da ya kusa fitowa zafinsa daban, na jiya zafinsa daban. Ke za ki goya ɗan yaye da jariri a zane ɗaya?"

Na ce a littafi ba haka aka ce ba. Ta ce littafin kaji nawa ya taɓa kiwo. Ta kuma dubi rubutun da na yi ta ce wannan zanen ba zai kai ko'ina ba. A nan ma na san abina: a ɗakin gwaji fensir ake amfani da shi, domin tawada tana iya ratsa ɓawo ta cutar da ɗan tayi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, injin ba shi da ciki, ba shi da ƙafa, ba ya fita tsakar gida ya tako taɓo ya dawo ya murza ƙwai. Bayan kwana uku na ga rubutun ya fara dusashewa, ga ɓawon ƙwan zabi da ma ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo. Ban gaya mata ba. Na dai riƙa bi ina maimaita rubutun duk bayan kwana biyu, a ɓoye, lokacin da take wajen murhu.

Haka muka yi ta tafiya. Kullum da safe in auna zafin kowane akurki in rubuta, in rubuta ko an yi ruwa, in rubuta wace kaza aka sa wa wane ƙwai. Da yake ba ni da abokin hira, kuma waya sai an hau dutse take kamawa, sai na ɗauki wata ɗabi'a: a ƙasan kowane shafi in sauke abin da ke cina a rai. Yawancinsa kuwa a kan Goggo ne. Ba zagi ba ne, Allah ya sani, ƙorafi ne irin na wadda ake gyara wa magana sau goma kafin azahar. Na san ba ta karanta boko, saboda haka na saki hannu.

Ranar goma sha bakwai ga wata na sa ukun ƙarshe. Kwana biyu bayan nan na tafi Kazaure karɓo kwalabe da ruwan maganin da ke hana nama ruɓa, waɗanda Dokta ya ce zai ba direba ya kawo tasha. Na ce wa Goggo kwana ɗaya zan yi. Direban ya yi kwana uku bai zo ba, da ya zo kuma aka tafka ruwan da ya yanke hanyar ƙauyen, babur ma ba ya wucewa. Ina gidan yayata ina kai da komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai ranar ashirin da huɗu na samu dawowa, ana gobe Dokta zai zo.

Ko mayafi ban cire ba na shiga ɗakin akurkai. Na ɗaga baƙar kaza, na ɗauko ƙwai, na juya shi, na sake juyawa. Babu komai a jikinsa, sumul kamar yau aka haife shi. Na ɗauko na biyu, haka. Na ce wa kaina ba komai, ai littafina ya san waɗanda ke ƙarƙashin kowace kaza, ko ba komai zan rage hasara. Sai na lura baƙar kaza ƙwan zabi bakwai gare ta, alhali tara na bar mata.

"Goggo, an taɓa ƙwan nan ne?"

Tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na gyara musu zama. Ɗakin ya yi yoyo, na goge su da dusa, na haɗa manya da manya, ƙanana da ƙanana. Ja ta fara gajiya, da na bar ta da wannan haɗin gambizar naki da tuni ta tashi."

Na zauna a bakin ƙofa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ƙwai hamsin da ɗaya, duk lafiyarsu lau, kuma ba su da wani amfani a wurina, domin ɗan tayin da ba a san kwanansa ba nama ne kawai a kwalba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, bakwai kacal na samu da ɗan burbushin rubutu a wajen tsinin. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Da wata ce ba yayar babana ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na haɗiye, na ce, "Goggo, kin kashe min shekara uku."

Sai a lokacin ta ajiye rariyar.

"Don zanen ya goge? Ai na san su."

"Kin san su yaya?"

"Kamar yadda na san ki. Bari malamin naki ya zo."



Dokta Madu ya iso da hantsi a bayan babur, ya rungume akwatin madubin ƙara girma kamar jariri, wandonsa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaida Goggo. Tana jin sunansa ta washe baki.

"Ashe Babarbare ne malamin? Shi ya sa. Na yi ta mamakin wanda zai sa yarinya mai hankali fasa ƙwai a kwalba."

"Inna, ai mu muka koya wa Fulani zama a ɗaki," in ji shi. "Da ba don mu ba da har yanzu kuna bin saniya."

Suka yi ta yi, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Da na samu sarari na gaya masa abin da ya faru, ina jiran ya ɗaure fuska. Ya daina dariya kam. Ya tambayi Goggo yadda ta san su, ta ce ya biyo ta.

Ƙyauren ɗakin na kwano ne, yana kallon gabas, kuma akwai wata 'yar huda a jikinsa inda ƙusa ta fita. In an rufe ƙofa, rana takan shigo ta nan siririya kamar tsinke. Goggo ta kara ƙwai a hudar, cikinsa ya haska ja, ga jijiyoyi, ga wani duhu yana motsi.

"Wannan yana nuna min ko babba ne ko ƙarami," ta ce. "Saura kuma fuska ce. Zabin Hamma kowace da irin ƙwanta, wata mai tsini, wata mai ɗigo a gindi, wata fari-fari. Ni nake karɓa a hannun Amna, ni nake juya su safe da yamma. Ba na manta ranar da baƙo ya sauka a gidana."

Dokta ya ce shi dai aikinsa ba ya karɓar magana sai da gwaji, ko da maganar Bafulatana ce. Ya ɗauko bakwai ɗin nan masu burbushin rubutu, ya danne rubutun na farko da babban yatsa, ya miƙa mata ta duba.

"Wannan ranar wace ce, Inna?"

"Ranar da ruwa ya kayar da dangar maƙwabcinmu Haladu."

Ya dube ni, na dube shi. Goggo ba ta lissafi da Agusta. Kwanakinta duk sunaye gare su, kuma babu inda aka haɗa sunayen nan da kwanan wata sai wuri ɗaya a duniya. Wurin nan kuwa littafina ne.

"Zulaikha, kin rubuta ranakun ruwa?"

"Na rubuta, Malam."

Na buɗe littafin na rufe rabin shafin da hannu. Na ce an yi ruwa ranar huɗu da ranar shida. Goggo ta ce ai ruwa biyu aka yi a makon, in karanta mata abin da na rubuta ta ji wanne ne. Na ce lambobi ne kawai. Dokta ya leƙo ta saman kafaɗata ya ce yana ganin wasu lambobin masu tsawo a ƙasa, ko in karanta ko shi ya karanta, kuma shi muryarsa ba ta da ƙasa-ƙasa.

Na auna shekara uku a hannu ɗaya, kunya a ɗaya hannun. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na karanta.

"Shida ga wata. Dangar maƙwabci ta faɗi. Goggo ta ce laifinsa ne da bai ji maganarta ba. A wurin Goggo ko hadari laifin wanda bai ji maganarta ba ne."

Dokta ya ɗaga yatsansa daga kan ƙwan, ya kai shi wajen haske. Shida ce a rubuce.

"To ai gaskiya ne," in ji Goggo. "Na gaya masa tun bazara. Kawo na gaba."

Na gaba ta ce ranar sunan jikar Amna ne, da ƙwan ya zo a makare. Na karanta: "Tara ga wata. Ƙwai bai zo ba sai azahar. Goggo ta ce in daina leƙen hanya kamar mai jiran saurayi." Tara ce. Na uku ranar da akuya ta cinye min sabulu, inda na rubuta cewa Goggo ta fi tausayin akuyar. Dokta ya juya baya yana tari, kafaɗunsa suna rawa. Cikin bakwai ɗin ta faɗi shida daidai. Na bakwai ta jujjuya shi, ta kara a huda, ta ce, "Wannan ban san shi ba, kada in yi muku ƙarya." Dokta ya ce wannan amsar ta fi sauran shidan kwantar masa da hankali.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki muka kama aiki. Goggo tana ciki tana dubawa tana faɗin rana, ni ina nemo ta a littafi ina karantawa, Dokta yana sa ƙwan a akwatin ƙanƙara ya huce kafin ya fasa, ya ɗauko ɗan tayin a hankali ya sa a kwalba, in manna takarda in rubuta kwanansa. Da aka zo kan manyan, masu gashi a jiki, Goggo ta kau da kai ta yi bisimilla a hankali. Ni ma ban ji daɗinsu ba, ban taɓa ji ba.

Karatun kuwa babu wanda na tsallake. Na karanta ranar da na ce miyarta ta kuka ta fi ƙarfin cokali. Na karanta ranar da na ce in da taurin kai ana ba da digiri da Goggo farfesa ce. A nan ta tambayi Dokta mene ne farfesa, ya ce shi ne wanda ya fi shi, ta ce to a bar wannan kada a goge. Wani wurin takan tsayar da ni ta gyara labarin, ta ce ba haka ta faɗa ba, abin da ta faɗa ya fi haka zafi. Tun ina karantawa kamar ƙasa ta tsage in shige, har na fara dariya ni ma, hawaye na zuba.

Biyar suka fito baragurbi. Huɗu ta ce ba ta da tabbas, muka ware su gefe. Sauran suka jeru a kan tabarma, kwalba bayan kwalba, daga ɗan mitsitsi mai ƙaton ido kamar ƙwayar wake har zuwa wanda ya cika kwalbarsa. Dokta ya bi su da ma'auni yana gwada tsawon baki da yatsa, ya ce babu wanda ya tsallake ɗan'uwansa, sun hau kamar matakala. Amma akwai giɓi a tsakiya. Ranar goma sha ɗaya da ta goma sha biyu ga wata babu ko ɗaya, ga kuma ƙwai shida sun rage a ƙwarya, waɗanda Goggo ba ta faɗi ranarsu ba.

Dokta ya ce waɗannan biyun ba ranakun da za a yi wasa da su ba ne, domin a tsakanin nan yake zaton ƙashin kan yake fara sauyawa. Kwana ɗaya ne tsakaninsu, girma kaɗai ba zai raba su ba, in aka cakuɗa su kuma an ɓata amsar. Na buɗe shafukan biyu. Lambobi ne zalla, zafin akurki da sunayen kaji, ƙasan shafin fari fat. Ba ruwa, ba kasuwa, ba akuya.

"Ba abin da ya faru a ranakun nan, Goggo," na ce.

Ta fito daga ɗakin ta zauna a bakin tabarma, ta jawo ƙwaryar. Ba ta ko kai su huda ba. Ta ware uku dama, uku hagu.

"Waɗannan na ranar da kika yi kuka a bayan rumbu ne. Waɗannan kuma na washegari, da kika tashi ido a kumbure kika ce sauro ne."

Dokta Madu ya sunkuyar da kai ya shiga goge madubinsa, wanda ba abin da ya same shi.

Ban rubuta wannan ranar ba, ban kuma yi niyyar gaya wa kowa ba. Da safe na hau dutse neman sabis, sai ga hoto ya shigo: abokan karatuna uku, waɗanda muka fara tare, sun kare bincikensu sun gama, suna tsaye a ƙofar sashe suna dariya. Ni kuwa ga ni da kashin kaji a zane. Na taya su murna a rubuce, na sauko na zaga bayan rumbu inda na tabbata ba mai ganina, na yi mai isata. Sannan na wanke fuska na zo na sa ƙwai.

"Kin sa ɗaya a bakin akurki inda zafi ba ya kaiwa," in ji Goggo. "Ga shi nan, mai tsinin. Ni na tura shi ciki."

"Ashe kin gan ni, Goggo."

"Na gan ki."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Wadda ta zaga bayan rumbu ai ba ta son a gan ta. Na dai ƙara miki man shanu a tuwo."

Na tuna tuwon. Na tuna har na yi mamakin yadda man ya yi yawa, na cinye tas ban ce ko sannu ba. Na ciro waya na nemo hoton, kwanan wata yana jikinsa: goma sha ɗaya. Na rubuta a takardu uku, na rubuta goma sha biyu a sauran ukun. Dokta ya fasa su ya sa a kwalabe ya cike giɓin. Ya bi jerin da yatsa yana ƙirgawa a bayyane tun daga kwana takwas har ashirin da huɗu, bai tsaya ko'ina ba.

"Zulaikha, kin samu jerinki," ya ce. "Saura aikin madubi, wannan kuma ba ya bukatar damina."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Daɗi ya cika ni har na rasa abin yi, sai na hau jera kwalaben a kwali ina sa tsumma a tsakaninsu. Goggo ta miƙo hannu ta ɗauki littafin, ta riƙe shi a juye, tana kallon farin wurin da ke ƙasan shafin.

"Wannan ranar me kika rubuta a kaina?"

"Ba komai, Goggo."

"Duk ranar da na ɓata miki kin rubuta, ranar da na kyauta kuma kin bar ta fari?" Ta turo min littafin a cinya. "Rubuta yanzu. Ki ce tuwon ya yi daɗi."

Na rubuta, tana tsaye a kaina har na kai ƙarshen layin, sannan ta ce in karanta mata ta ji.